Jan Farcen da Na Ɗiga a Kan Amfilifaya

Ba zan rantse a kan kowace kalma da ke cikin wannan babi ba. Shekaru sun ja, kuma na lura tunanin tsoho kamar rumbun da gara ta shiga ne, daga waje a cike yake, sai ka zura hannu ka ji rabinsa ƙasa ce. Mai yiwuwa na sa maganar wani a bakin wani, ko na haɗa ranaku biyu suka zama ɗaya. Amma ku 'ya'yana, dole in rubuta shi, domin a Sallar da ta wuce, a tsakar gidanmu na Makoda, rediyon wani yaro ta ƙi yi, na miƙa hannu zan duba, sai babban ɗan yayana, marigayi Haruna, ya ce, "Kai, kada ka ba Baffa Rabi'u, shanu biyu ya taɓa ƙonawa da sukudireba." Aka yi dariya. Ke ma Hauwa kin yi, na gan ki. Ban ga laifinki ba, da wannan labarin kika tashi. Ni ma murmushi na yi kamar yadda na saba.

Shekarar da nake magana a kanta ita ce shekarata ta biyu da gama jami'a. Fannin lantarki na karanta, kuma saniya Baba ya sayar ya kammala mini karatun. Na dawo gida da takardar shaida a cikin leda, na yi ta rubuta wasiƙun neman aiki har alƙalami ya yi mini kanta a yatsa, ko amsa ɗaya ban samu ba. Lokacin ne na wahalar mai. Mota sai ta kwana uku a layi, in ka gaji ka koma wajen 'yan bumburutu su sayar maka da galan ɗin da ba ka san me aka sirka a ciki ba. Takin zamani ya zama labari. A gidanmu tuwon dare ne kawai ba a fasa ba, shi ma Inna ta rage masa mara. Yaya Haruna yana da tsohuwar bas da yake jigila tsakanin Makoda da birni, amma fasinja sun yi ƙaranci, mutane sun koma keke da ƙafa, motar ta fi zama a gindin darbejiyar ƙofar gida fiye da kan hanya.

Shi ya kawo shawarar, kuma in za a yi adalci ba muguwar shawara ba ce. Ya ce tunda mai ya yi wuya, motar da ke tsaye tana magana ta fi motar da ke gudu. A cire kujerun baya, a sa mata lasifika, ta zama motar shela: tallan masu magani ranar kasuwa, sanarwa, kiɗan biki. Tafiya ɗaya, a yini a tsaye, a dawo da abin cefane. Abokinsa Ɗan'azumi, sanƙira ne mai murya kamar kakaki, shi zai riƙe makirfo. Matsalar ita ce babu abin sayen kayan sai shanun huɗarmu biyu, Ja da Fari. Baba ya kwashe mako guda kafin ya amince. Yaya ya yi masa alkawarin kafin ruwa ya sauka motar za ta mayar da shanun. Ranar da aka kora su kasuwa Baba bai fito zaure ba, ya ce kansa ke ciwo.

Kayan da Yaya ya sayo a birni na hannu ne, irin na Kwatano, amma masu kyau: na'urar kaset, ƙananan lasifiku na saman mota, manyan lasifiku biyu masu fitar da amo mai kauri, irin wanda ake ji a ƙirji, da amfilifayar da ke tura su. Wani kafinta a garinmu ya ƙera wa manyan akwati na katako mai bututun iska a gaba. Ni aka ce in haɗa wayoyin, tunda a cewar Yaya, "ga ɗan boko a gida yana cin tuwo a banza."

Dole in tsaya in yi muku bayanin wani maɓalli, domin a kansa komai ya rataya. A gefen amfilifayar akwai ƙananan maɓallai da ake murɗawa, ɗaya daga ciki sunansa sabsonik. Rariya ce ta sauti. Akwai amon da ya yi ƙasa ƙwarai, har kunne ba ya kama shi sosai, kuma wannan maɓallin shi ke tace shi kada ya isa lasifika. Dalili kuwa shi ne akwati mai bututu yana da iyaka. Sama da iyakar, iskar da ke cikin akwatin tana tare takardar lasifika kamar matashi, ta yi aiki kaɗan ta ba da sauti mai yawa. Ƙasa da iyakar, iskar sai ta sulale ta bututun ta bar takardar ita kaɗai, ta dinga fita da komawa har ƙarshen igiyarta, ba tare da ta ƙara sautin kirki ba. Dakan turmi ne babu hatsi a ciki. Mai kallo daga nesa zai ce ana aiki, amma turmin ake fasawa.

Don in gano iyakar akwatinmu, na ɗauko wata 'yar na'ura da na haɗa a shekarar ƙarshe a makaranta, mai fitar da amo guda ɗaya da za ka iya saukarwa a hankali. Na kwantar da akwatin rigingine a tsakar gida, na barbaɗa gero a kan takardar lasifikar.

"Rabi'u, geron nawa za ka yi wa kiɗa?" in ji Inna daga bakin murhu. "Mu muna neman na kunu, kai kana koya masa rawa."

"Ɗan kaɗan ne, Inna. Zan kwashe in mayar miki."

"Ka fara kore kajin nan tukuna, sun fi ka sanin amfaninsa."

Na dinga sauke amon ina kallon geron. Da farko yana tsalle, sai ya fara lafawa, har na zo wani wuri da ya kusa kwanciya lif, alhali iskar da ke fita ta bututun tana kaɗa mini riga. Nan ne iyakar, wajen bugu arba'in a sakan guda, in ban manta ba. Da na ɗan ƙara sauka, geron ya watse har ƙasa, sautin kuma ya kusa ɓacewa. Ban yarda da lambobin da aka rubuta a jikin maɓallin ba, domin an koya mana ba kullum suke faɗin gaskiya ba. Sai na sa amo ɗan ƙasa da iyakar, na ɗora mitar auna wuta a kan wayoyin, na murɗa maɓallin a hankali har allurar ta sauka zuwa inda ya kamata. Na maimaita sau uku. Haka nake, ko ƙofa na kulle sai na koma na taɓa kwaɗon. Sannan na je ƙofar ɗakin Ladidi, matar Yaya, na roƙe ta jan farce.

"To fa! Malam Rabi'u, an samo mana ƙanwa ke nan ba a faɗa ba?"

"Wa zai ba marar aiki 'ya? Amfilifaya zan yi wa kwalliya."

Ta biyo ni tana dariya da goyo a bayanta, ta tsaya ta ga na ja siririn layi ja daga kan maɓallin ya sauka kan jikin ƙarfen, yadda in an murɗa ko yaya ne layin zai rabu biyu. Ku riƙe wannan, Ladidi tana tsaye.

Makonni uku motar ta yi aiki lafiya. Ta je kasuwanni, ta yi suna biyu da biki ɗaya, har nama ya sake shiga miyarmu. Amma mutanenmu suna da yadda suke auna lasifika, kuma ba da kunne ba ne. Da ido ne. Duk inda motar ta tsaya sai a buɗe ƙofar baya, jama'a su taru suna leƙen takardar. In tana bultsowa tana komawa kamar cikin bijimin da ya sha gudu, sai a ce tana numfashi, wannan ita ce lasifika. Tamu kuwa tana girgiza kwanon rumfa, amma takardarta da ƙyar take motsi, kuma wannan shi ne shaidar cewa an saita ta daidai. Wa zai gaya musu? Ɗan'azumi ya fara ƙorafi, yana cewa a kasuwa an tambaye shi ko gawa muka ɗauko a akwati. Wata rana yana wasa da maɓallan ya murɗa nawa zuwa ƙasa, takardar ta fara bultsowa, ya ƙwala wa Yaya kira ya zo ya ga inda ɗan boko ya shaƙe ta. Allah ya sa ina kusa, na mayar.

Ana cikin haka aka kira mu babban aiki. Wani Alhaji mai sayen gyaɗa a Kunci zai aurar da ɗansa, kuma an ce dangin amarya za su zo da tasu motar daga birni. Yaya ya ce ba zai je a yi masa dariya a gaban baƙi ba. Muka yi ta musu har maganar ta kai zaure. Bayan la'asar ne, Baba yana kan buzunsa yana gyaran igiyar da a da ake ɗaure Fari da ita. Yaya ya yi nasa bayanin, na yi nawa da turmi da taɓarya. Baba ya saurara har na gama.

"Tambaya ɗaya zan yi maka," ya ce. "In an murɗa abin nan ƙasa, za ta lalace ko ba za ta lalace ba?"

"To, Baba, ya danganta. Ya danganta da irin kaset ɗin, da yadda aka ƙure murya, da kuma tsawon lokacin. Mai yiwuwa ta jure na ɗan wani lokaci, amma a fahimtata akwai haɗari babba."

"Ka ji ko, Baba?" in ji Yaya. "Shekara biyar a jami'a, abin da aka koyo ke nan. Ya danganta. Ko sunansa ka tambaye shi sai ya ce ya danganta."

"Kai Haruna me ka ce?"

"Wallahi ba abin da zai same ta. Lasifika don ta motsa aka yi ta. Shi ne ma zai kashe ta, ya toshe mata numfashi, sauti yana taruwa a ciki ba ya fita."

Baba ya daɗe yana murza igiyar. Ni na riga na sallama, domin a gidanmu ba a taɓa ɗora maganar ƙane a kan ta wa ba.

"Na sayar da saniya na kai yaron nan makaranta," ya ce. "In ban ji maganarsa a kan waya da ƙarfe ba, a kan me zan ji ta? A bar shi inda ya sa. Haruna, ban yarda hannunka ko na abokinka ya taɓa shi ba. Ban yafe ba in an taɓa. Kai kuma Rabi'u, shanuna ne a cikin akwatin nan. A wuyanka suke."

Wannan ita ce rana ɗaya tak a rayuwata da mahaifina ya zaɓi maganata a gaban mutane. Na fita zauren ƙafata kamar ba ta taɓa ƙasa.

Ranar bikin muka isa Kunci da hantsi, muka tsaya a filin ƙofar gidan Alhajin. Motar birni ta zo bayan azahar, sabuwar fenti, ta tsaya daura da mu ta buɗe baya. Na saurara da kyau, kuma ina ganin ko yau zan iya cewa tamu ta fi ta tsabtar sauti da nisa. Amma takardunsu suna bultsowa, sai jama'a suka kwashe suka koma can, yara da manya, ana ihu ana nunawa. Wani ya wuce ta gabanmu ya ce wa Yaya, "Direba, taku azumi take yi ne?" Na ga yadda wuyan Yaya ya kumbura. Daidai nan aka kira mu cin abinci a zaure. Yaya ya ce in shiga in ci, shi zai tsare mota. Na yi jinkiri, sai ya daka mini tsawa ya ce ko zan tsaya gadinsa ne. Na shiga. Har yau ina tuhumar kaina a kan wannan shinkafar.

Ban kai loma biyar ba na ji sautin ya canza. Ba ƙaruwa ya yi ba, wani kaf-kaf-kaf ne ya shigo ƙarƙashin kiɗan, ƙarar takarda tana dukan ƙarshen igiyarta. Na tashi da mai a hannu, na fita ba takalmi. Jama'a sun dawo bayan motarmu sun yi dafifi, ana tafi. Ɗan'azumi yana kan dakali da makirfo, kuma kun san al'adar masu shela, ba sa fara magana sai sun bubbuga kan makirfo da yatsa sun hura masa iska. Wannan bugun da hurin su ne ainihin irin amon da maɓallin yake tarewa. Ina kutsawa ina cewa a kashe, a kashe, ba mai ji na. Ya bubbuga sau uku. Ya hura.

"Jama'a, salamu alaik..."

Ƙarar ba ta da girma, kamar an yaga sabon yadi ne. Sai ta biyun ta bi. Warin ƙonanniyar wayar cikin lasifika ya tashi, ƙananan lasifikun sama suka ci gaba da tsuwa su kaɗai kamar 'yan tsaki, filin ya ɗauki dariya. Na hau motar na durƙusa gaban amfilifayar. Layin jan farcen ya rabu biyu. Rabin da ke jikin ƙarfe yana nan inda na bar shi, rabin da ke kan maɓalli ya koma can ƙasa, ƙarshen murɗi. Na ɗago, Yaya yana tsaye a bakin ƙofa yana kallona. Ba zan ce na ga hannunsa a kan maɓallin ba, ban gani ba. Amma na ga idonsa, kuma shi ya ce in sauko, ya ja ƙofar ya rufe.

Kafin magariba muna gida. Yaya ya riga ni shiga wajen Baba, ni kuma na zagaya bayan rumbu. A nan Inna ta same ni. Ashe muna tsayawa Ladidi ta leƙa motar ta ga layin, ta je ta faɗa mata tana kuka.

"Na san abin da ka gani," in ji Inna. "Ba sai ka faɗa mini ba."

"To ai shi ke nan, Inna. Baba ya zo ya gani da idonsa."

"Ya gani ya yi yaya? Ka ji abin da ya ce a zaure, ban yafe ba. Ka san ubanka, ba ya haɗiye magana. Yau ɗin nan zai sallama Haruna, ya bar gidan nan da baki a kansa, da mace da 'ya'ya uku, a wannan marra. Ina za shi?"

"Ni fa? Ni ba ɗanki ba ne?"

"Kai kana da takarda, Rabi'u. Ko ba daɗe za ta kai ka wani wuri. Shi gidan nan ne takardarsa." Ta kama hannuna, wanda har lokacin man shinkafa bai fita ba. "Ban ce ka yi ƙarya ba. Ka yi irin maganarka da ka saba."

Ban taɓa jin abin da ya ƙona ni kamar wannan ba, kuma ina roƙon Allah ya gafarta mini, ya ji ƙanta, har yau in na tuna sai na ji ɗacinsa. Uwata ta san halina sarai, ta san inda yake da rauni, ta ɗauke shi ta yi wa ɗanta garkuwa da shi.

Aka kira ni zaure. Yaya yana zaune kansa a ƙasa. Ya riga ya faɗi nasa: abin da ɗan boko ya sa ne ya toshe sautin, ya taru a ciki, da aka ƙure murya sai ya fashe, kamar yadda ya yi gargaɗi tun farko. Maganar banza ce, ko ɗalibin shekarar farko zai yi mata dariya, amma tana da hankali a kunnen manomi. Duk wanda ya taɓa rufe tukunya a kan wuta zai gane ta.

"Rabi'u," in ji Baba, muryarsa a ƙasa. "Abin da ka sa ne ya fasa ta?"

Motar tana nan a gindin darbejiya, taku ashirin daga inda nake durƙushe. Abin da ya rage kawai in ce ya tashi mu je. Ina jin motsin Inna a bayan asabari.

"To, Baba, ba zan iya cewa tabbas ba. Abubuwa da yawa suna iya jawowa. Mai yiwuwa ne."

Ya dube ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Karatunka ya ci mini shanu sau biyu ke nan," ya ce. "Tashi ka je."

Ruwa ya sauka bayan wata guda, babu Ja babu Fari. Da garmar hannu muka yi huɗa, ni da Yaya da Baba da shekarunsa, muka bar kusan rabin gonar gyaɗa ciyawa ta cinye. A daminar nan ciwon baya ya kama Baba, bai sake miƙewa sosai ba. Ina huɗa kunya ɗaya, Yaya yana ta kusa da ni, ba mai ce wa wani sannu. Na yi ta jira ya same ni a keɓe ya ce wani abu, ko da kalma ɗaya ce. Bai ce ba. Motar ta koma jigila da mai ya ɗan samu, amfilifayar kuma na daina ganinta. Bayan kaka na samu koyarwa a wata makarantar sakandare a Ungogo, na tafi. Maganar Inna ta tabbata, takarda ta kai ni wani wuri. Abin da ba ta lissafa ba shi ne Baba ya rayu shekaru da dama bayan haka, bai sake tambayata ra'ayi a kan komai ba, ko batirin tocila ne. In na kawo shawara sai ya ce a jira Haruna.

Wannan ma da na iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yadda labarin ya girma a bakin Yaya. Shekarar farko in an tayar da zancen sai ya sunkuyar da kai ya canza magana. Daga baya ya fara gyaɗa kai. Daga baya ya zama shi ke ba da labarin a majalisa, yana kwaikwayon muryata, "ya danganta, ya danganta," ana riƙe ciki. Ina zaton, ko da yake ba ni da tabbas, a ƙarshe shi kansa ya yarda da shi. Mutum ya rufa maka asiri da mutuncinsa, kai kuma ka mayar da mutuncin abin ba 'ya'yanka dariya. Na san ba a faɗin laifin mamaci, na kuma san yunwa da kunya ne suka murɗa maɓallin nan tare da shi. Na yi masa addu'a, ina kuma yi. Amma ban ga ayar da ta ce in bar jikokina su gaji ƙarya ba.

Bayan arba'in ɗin Yaya na je yi wa Ladidi sallama zan koma. Ta tsufa, ido ya fara ba ta wahala. Ta ce in jira, ta shiga ɗaki ta jawo wani abu daga ƙarƙashin gado, a naɗe cikin tsohon zane, ta tura mini shi da ƙafa don nauyi.

"Ya ce in jefa a masai tun wancan lokacin," ta ce. "Ban jefa ba. Ban kuma bari kowa ya taɓa ba."

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba, Ladidi?"

"Kai me ya sa ba ka faɗa ba, Malam Rabi'u?"

Amfilifayar tana nan a ɗakin ajiyata, a saman kabad, cikin zanen. Tsatsa ta ci gefenta, jan farcen ya koma ruwan ƙasa, amma ana ganinsa: rabi a sama, rabi a ƙasa. Duk wanda ya so a cikinku, ko cikin 'ya'yan Yaya, ya zo in sauko masa da ita. Sharaɗina kada ya murɗa komai.

Baba da Inna da Yaya duk sun riga mu gidan gaskiya. Ladidi tana raye, an ce Ɗan'azumi ma yana nan a Kunci wajen 'yarsa, kuma a filin nan akwai mutane da yawa a ranar. Duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi, ya ga na yi kuskure, ina roƙonsa don Allah ya aiko mini, zan gyara in kuma ambaci cewa shi ya gyara. Watakila ba arba'in ba ne iyakar akwatin. Watakila yatsan Ɗan'azumi ne ya murɗa, Yaya yana tsaye yana kallo, in haka ne a faɗa mini in rubuta. Watakila ba da waɗannan kalmomin Inna ta yi magana ba. Duk wannan zan karɓa. Abu ɗaya ne ba na neman gyaran kowa a kansa, shi ne amsar tambayar da aka yi mini a zaure, wadda na riƙe a baki har mai tambayar ya shiga kabari.

A'a, Baba. Ba abin da na sa ba ne.